Kunnen Da Ke Cikin Kwalba

Ranar Litinin da hantsi, a farkon daminar 1978, aka kawo wa Sufeto Isiaka takarda daga asibiti. Yana zaune a ofis ya cire takalmi ɗaya, don ƙafarsa ta hagu ba ta shiri da sanyin Jos. Ya karanta takardar har sau biyu, sannan ya mayar da takalmin.

Likita ne ya rubuto. Wata mata mai suna Mairama, matar Sa'adu mahauci a Anguwan Rogo, ta rasu jiya. Sun gwada jininta sun ga ciwon saifa, cutar nan ta shanu da ke kama mutum ta wajen nama. Akwai wasu mutum huɗu a kwance ana yi musu allura. Dukansu naman saniya ɗaya suka ci, wadda aka yanka a Abbatuwa, mayankar gari, mako guda da ya wuce. Saniyar kuwa tana da takardar ɗakin gwaji mai cewa lafiyarta ƙalau.

Wadda ta sa hannu a takardar ɗakin gwajin tana tsare a bayan kanta tun da sassafe. Sunanta Ana, 'yar siririya, da farar rigar aiki da ba ta samu cirewa ba. Dipi'o, shugaban caji ofis ɗin, ya riga ya ce jibi Laraba za a kai ta kotu.

"Ke kika rubuta takardar saniyar nan?" in ji Sufeto.

"Ni ce, Oga."

"Kin san mutum ya mutu?"

"Na sani." Ta share ido da bayan hannu. "Amma abin da na gani shi na rubuta. Ku kai ni, in nuna muku."

Ɗakin gwajin ƙarami ne, a bayan ofishin malaman dabbobi. Tebur ɗaya, firji ɗaya mai gurnani, sai madubin nan da ke ƙara wa abu girma. Ana ta yi masa bayani a hankali. In dabba ta faɗi haka kawai, ba a buɗe cikinta. Kunne ake yankowa a sa a kwalba a kawo mata. Ita kuma ta shafa jinin a ɗan gilashi, ta ɗiga masa shuɗin ruwa, ta duba. In akwai saifa, za a ga ƙwayoyin a jere kamar karan dawa mai gaɓa-gaɓa.

Ta ɗauko gilashin ranar, ta sa. Sufeto ya duƙa ya leƙa da ido ɗaya. Bai ga kara ba, bai ga gaɓa ba, sai wasu 'yan ɗigo-ɗigo.

"Ni dai ban san karatun nan ba," ya ce.

"Kai wa likita ya duba. Babu komai a ciki. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya min ranar. Jinin saifa baƙi ne, ba ya daskarewa. Wannan sai da na matse kunnen da ƙyar na samu. Na ce ai shi ke nan, saniya ce mai lafiya."

"Kunnen yana ina?"

"Firji. Mako biyu muke ajiyewa."

Ta miƙo masa kwalbar a naɗe cikin leda. Farin kunne ne, bakinsa baƙi. A jikin kwalbar an rubuta: saniyar Usumanu.

"Wa ya kawo miki?"

"A taga na same ta. Na fita wanke hannu."

Malam Fabian ne mai duba nama a Abbatuwa. Sufeto ya tarar da shi a bakin kwata, inda ake yanka, da dogon takalmin roba da hatimi a aljihu, ƙudaje suna bin su duka biyu.

"Oga, ni na yi aikina," in ji Fabian. "Saniya ya faɗi, Fulani ya yi sauri ya sa wuƙa kar ya zama mushe. Na ce kar kowa ya taɓa. Na yanke kunne, na sa a kwalba, na rubuta suna."

"Wa ya kai ɗakin gwaji?"

"Ni."

"Da ƙafarka?"

"Da ƙafana, Oga."

"Ka ba Ana hannu da hannu?"

"Hannu da hannu. Har ta ce min sannu."

Sufeto ya rubuta a ɗan littafinsa. Sai dai ya daɗe yana kallon Fabian, har Fabian ya fara gyara hatimin da ba abin da ya same shi.

Usumanu, mai saniyar, yana can kara inda ake cinikin shanu. Dattijo ne, ya rataya sanda a kafaɗa. An tsare garkensa, malaman dabbobi suna ta yi musu allura tun jiya. Da ya ji maganar rasuwa sai ya sauke sandar ya yi salati.

"Yallaɓai, ni ban ɓoye komai ba. Da safe tana cin ciyawa, kafin rana ta ɗaga ta faɗi. Sa'adu ya riga ya saye ta tun tana tsaye. Na ce masa in takarda ta fito da sharri, ni da shi mu yi haƙuri."

Sufeto ya ɗaga kwalbar a cikin ledarta. "Ga kunnenta nan. Ka gane shi?"

Usumanu ya matso, ya juya kai ta nan, ya juya ta can. Sai ya ja da baya.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Fara ce saniyarka, ko ba haka ba?"

"Fara ce. Yallaɓai, ai rabin shanun duniya farare ne." Ya kama kunnen wata karsana da ke kusa ya nuna masa. "Mu tsaga biyu muke yi a baki, tun kakan kakana. Duba na kwalba. Tsaga ɗaya, da ɗan gutsure a ƙasa. Wannan shaidar mutanen Bokkos ce, dangin matata."

"Sun kawo shanu ranar?"

"Bijimi ɗaya, fari. Da asuba aka yanka shi."

"Wa ya saya?"

Usumanu ya dubi ƙasa, ya tona ta kaɗan da sanda.

"Mahauci," ya ce a hankali, "ba ya kallon kunne. Cinya yake kallo da tozo."

"Na ce wa ya saya, Baba."

"Sa'adu."

Sufeto ya koma bakin kwata. Fabian yana hango shi ya cire hula.

"Ana ta ce a taga ta samu kwalbar. Kai ka ce har sannu ta yi maka. Ɗayanku zai kwana a bayan kanta. Zaɓi."

Fabian ya goge zufa duk da sanyin da ake yi. "Oga, shanu talatin ke jirana ranar, ni kaɗai. Sa'adu ya ce hanyarsa ce, bari ya miƙa min. Shekara tara muna tare. Oga, mutum ne mai sallah."

"Shi ya sa ka bar yarinyar mutane ta ɗauki laifin?"

Fabian ya kawar da kai yana murza hularsa.

Kafin la'asar likita ya aiko cewa ya duba gilashin, babu komai a ciki kamar yadda Ana ta faɗa. Sufeto ya kai wa Dipi'o. Dipi'o ya ce gilashi ba ya tsayawa a gaban alƙali, mutum ke tsayawa. In ba a kawo wani ba, Ana ce.

Washegari Talata ce ranar sadakar uku. Sufeto ya bar Landiroba a bakin titi, ya ce wa kofur ɗin da ya tuƙo shi ya jira a ciki. Ya shiga lungun Anguwan Rogo da ƙafa, cikin farar kaftani, yana tsallake ruwan da ya kwanta. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mahauta sun cika wurin. Ya cire takalmi ya zauna, aka yi addu'a da shi, aka shafa.

Sa'adu yana jingine da bango. Ƙato ne, amma ranar kamar an zare masa ƙashi. Sufeto ya matsa ya yi masa gaisuwa.

"Ya haƙuri, Malam Sa'adu?"

"Da godiya."

"Allah Ya jiƙanta. Sufeto Isiaka ne. In ba damuwa, mu shiga zaure."

A zaure suka zauna su biyu. Daga cikin gida ana jin motsin mata da ƙamshin waina.

"Kai ka kai kwalba ɗakin gwaji?"

"Ni ne. Yadda aka ba ni haka na kai."

"Ba ka buɗe ba?"

"Me zan buɗe?"

Sufeto ya fito da kwalbar ya ajiye a tsakaninsu. "Usumanu ya ce wannan kunnen bijimin Bokkos ne, wanda ka yanka da asuba. Ya ce tsagar ba tasu ba ce. Ni ban san shanu ba. Kai ka san su. Faɗa min."

Sa'adu ya zuba wa kwalbar ido. Ya kai hannu kamar zai taɓa, ya fasa.

"Tsaga," ya ce. "Shekara ashirin ina yanka, ban taɓa lura ba."

"Yarinyar da ta duba jinin tana tsare. Gobe za a kai ta kotu a kan ran matarka."

Nan Sa'adu ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauka gyauron dawa ta ci, cikinta ya kumbura. Kowace damina haka suke faɗuwa. Na ce in na bar wa gilashi, sai su ƙona min saniya a banza. A hanya na ratsa inda ake tara kawunan shanu, na yanke na bijimin, na jefa nata a kwata."

"Sai takarda ta fito."

"Sai takarda ta fito. Muka buɗe ciki." Ya ɗago ya dube shi. "Sufeto, na ga saifar. Baƙa ƙirin, ta yi girman matashin kai. Na gane. Na yi sauri na tura ta ƙarƙashin tumbi na zubar. Na ce wuta za ta kashe komai."

"Ka sayar wa mutane."

"Na sayar. Amma ko tsoka ban kawo gida ba. Ranar kifi na saya a kasuwar Taminus, na ce marmari nake yi."

"To, ya aka yi ta ci?"

"Al'adarmu ce. Duk wanda aka yanka dabbarsa, masu fiɗa sukan aika wa iyalinsa hanta. Ba a tambaya, ba a faɗa. Ni na manta. Kafin in dawo ta ɗan gasa ta sama-sama, yadda take so, ta ci." Ya dubi ƙofar cikin gida. "Har ta rage min. Na ce na ƙoshi. Na ga hantar, na san daga inda ta fito, ban ce mata mu tafi asibiti ba. Kwana biyu ina kallonta ina cewa ƙila ba komai."

Sufeto ya rufe littafinsa. Ankwa tana aljihunsa, bai fito da ita ba.

"Za ka maimaita wannan a caji ofis?"

"Zan maimaita. Ku saki yarinyar nan. Abin da na ba ta shi ta duba."

Suka miƙe. Suna fitowa sai ga wata tsohuwa ta leƙo daga cikin gida, da kwanon waina a hannu. Asta ce, uwar marigayiya. Ta dubi baƙon mai farar kaftani ta rusuna kaɗan.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Mun gode, Allah Ya ba da lada. Fita za ku yi?"

"E, Inna," in ji Sufeto.

Ta ƙulle wainar a leda ta damƙa masa. "To, riƙe masa wannan. Tun ranar Lahadi bai sa komai a bakinsa ba. Kai da kake abokinsa, ƙila ya ji maganarka. Kar ku daɗe, masu gaisuwa na zuwa."

Sufeto ya karɓa da hannu biyu. Sa'adu bai iya kallonta ba. Suka bi lungu a jere, mahauta suna matsa musu hanya suna cewa a sauka lafiya, har suka kai inda kofur ya buɗe ƙofar baya yana jira.