Keken Da Aka Sata Sau Biyu

Ƙarfe biyar na yammacin Alhamis Glenn Utley ya dawo daga aiki, ya zagaya ɗakin katakon da ke bayan gidansa a garin Barnsley na ƙasar Ingila. Kwaɗo a kulle yake yadda ya bar shi. Ya buɗe, ya tsaya cak. Tayoyi na nan a jingine da bango, sirdi na nan, kan keken na nan, sarƙa a naɗe cikin tsumma. Firam ɗin ne babu, ƙarfen jikin keken da komai ke ɗaure a kansa.

Satar keke ba ta cika tayar da sajan 'yan sanda daga kujera ba. Amma Saja Maxine Tordoff ta ji muryar ƙato ɗan shekara hamsin da uku tana rawa a waya, sai ta ɗauki makullin mota.

"Wane irin keke ne?" ta tambaya tana duba ƙasa.

"BMX, na wasan tsalle-tsalle, ƙirar shekarar tamanin da uku. Shekara uku ina neman kayansa ɗaya bayan ɗaya. Makon jiya na haɗa shi in ga komai ya zauna. Gobe da safe zan kwance in kai firam ɗin a kankare tsohon fentin."

"Akwai gaggawa ne?"

"Lahadin ƙarshen wata za mu taru a tsohon filinmu na Athersley. Hawan ƙarshe. Daga nan za a baje shi a gina gidaje."

Filin nan ni ma mai ba ku labarin nan a cikinsa na bar fatar gwiwata. Da shebur ɗin iyayenmu muka tara tudun ƙasar da muke tsallakewa, kuma har yau in muka haɗu, da tumbinmu da sanƙonmu, hirarsa muke yi kamar jiya aka yi.

Maxine ta durƙusa. An shimfiɗa tawul a ƙasa, ga shatin kan keke da sirdi a jikinsa. Wanda ya yi aikin kife keken ya yi, irin yadda yara ke yi, amma sai da ya kare sirdin kada ya kurje. Notina duk an mayar da su kan kusoshinsu. Kowace sifana tana maƙale a ƙusarta a jikin allo.

"Ɓarawonka akwai tarbiyya," ta ce. "Wa ya san inda makulli yake?"

"Ƙarƙashin tukunyar fure. Matata Lorraine ta sani. Abokina Wayne Beevers. Sai Trevor Sykes mai sayar da tsofaffin kayan keke, ya taɓa ganina ina ɗauka." Ya dubi inda keken yake. "Sau biyu ke nan, Saja."

"Sau biyu?"

"Ina da irinsa sak ina ɗan shekara goma sha uku. Babanmu ya saya mini a Kirsimeti, bayan wata uku ma'aikatan haƙar kwal suka shiga yajin aiki, shekara guda babu albashi. A cikin wannan yunwar ƙanena Russell ya ɗauka bai tambaye ni ba, ya dawo a ƙafa, wai ya shiga shago ya fito bai gan shi ba. Sayarwa ya yi. Babanmu ya zane shi da bel har maƙwabta suka shigo."

"Ina Russell ɗin yanzu?"

"Ya mutu shekara uku da suka wuce." Fuskarsa ba ta motsa ba. "Dama ba ma magana."

Maxine ta karɓi hoton keken daga wayarsa, ta shiga kicin. Lorraine na soya dankali, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ina kika kasance yau?"

"Gidan kula da tsofaffi, takwas zuwa huɗu da rabi, ki tambaye su. Kuma da ni ce, ba firam zan ɗauka ba, ashana zan ƙyasta wa ɗakin gaba ɗaya. Shekara uku ina da miji a bayan gida, Saja. Ranar bikin 'yarmu ma yana waya kan wasu robobin birki."

"A ina ya samo firam ɗin?"

"Wayne mana. Sati biyu bayan an binne Russell ya shigo da shi a kafaɗa, wai ya tsinto a kasuwar Lahadi ta Doncaster. Shi ya jawo mini bala'in, shi kuma ya zo yana ta naci kwanan nan, kada a kankare, kada a kankare, a shafa sabon fenti a kai kawai. Ranar Talata har suka ɗaga wa juna murya a nan inda kike tsaye."

Da safe Maxine ta kira gidan tsofaffin, suka tabbatar da maganar Lorraine. Ta wuce shagon Trevor Sykes. Ya duba hoton, ya yi dariyar da ta nuna haƙoran da suka rage masa.

"Ranki ya daɗe, in za ki zarge ni, ki zarge ni da mutunci. Kin ga tayoyin nan? Su ne dukiyar. Firam irin wannan akwai biyar a rataye a bayanki. Wanda ya bar tayoyi ya ɗauki firam, ko mahaukaci ne ko ba sayarwa zai yi ba."

"Jiya da rana fa?"

"Asibiti, ana duba mini mafitsara. In kawo takarda ko in kawo mafitsarar?"

"Takarda ta isa. Me ka gani a fentin?"

Trevor ya matso da hoton kusa da hancinsa. "Wannan ba fentin keke ba ne. Koren fentin ƙofa ne, irin wanda ake shafa wa gidajen gwamnati a da. Da burushi aka lafta shi, hawa uku ko huɗu, aikin yaro. Dubi ƙasan nan wurin feda, har ya yi tudu. Na ce wa Glenn, in aka kankare ka duba ko akwai tambari, ka san ɗan wace unguwa ne."

Maxine ta tuna layin da suka yi a farfajiyar makaranta, watan Janairu, sanyi na cin kunne, kowa riƙe da keken Kirsimetinsa. Ɗan sanda da guduma da ƙananan haruffan ƙarfe, yana kife keke yana buga lambar gidan waya ta unguwar yaro da lambar gidansu a ƙasan firam, don in an sata a gane mai shi. Duk ɗan garin nan na zamaninmu ya san ƙarar gudumar.

"Yaushe ka faɗa masa haka? Gaban wa?"

"Sati biyu ke nan. Da Wayne suka zo."

Daga mota ta kira Glenn. "Wancan keken na yarinta, an buga masa tambari?"

"An buga. Me ya kawo wannan?"

"Ka zauna a gida," ta ce, ta kashe.

Wayne Beevers direban motar kaya ne, kuma ranar bai fita aiki ba. Ta same shi a gareji, ƙofa rabi a sauke. Ya fito yana goge hannu, koriyar ƙura a ƙasan faratansa.

"Mista Beevers, wace rana ka sayi firam ɗin a Doncaster?"

"Kai, an daɗe. Ban riƙe ba."

"Hannun wa?"

"Wani tsoho."

"Jiya tsakanin sha biyu da huɗu kana ina?"

"Kan hanya."

"In na kira wurin aikinka haka za su ce?"

Ya ci gaba da goge hannu.

"Bari in faɗa maka abin da na gani," ta ce. "Ɓarawon titi hawa keken zai yi ya gudu. Mai neman riba tayoyi zai kwasa. Wannan ya ɓata awa guda yana kwancewa, ya shimfiɗa tawul, ya mayar da sifana. Ba ya son Glenn ya yi asarar komai, abu ɗaya kawai yake so kada Glenn ya gani. Abin kuma yana ƙarƙashin fenti, yau aka shirya kankarewa. Mutum ɗaya ne ya yi sati biyu yana roƙon kada a kankare. Ɗaga ƙofar."

Firam ɗin na damƙe a kan teburin aiki, a kife, zarto a gefensa. Wayne ya kankare fentin wurin, ya fara goge ƙarfen, ya ci rabin lambobin tsakiya. Na farko da na ƙarshe suna nan raɗau: S71, sai 14. Maxine ta riga ta duba tsohon adireshin gidan su Utley, lambobinsa ke nan.

Wayne ya zauna a kan jarka. "Zagaye ɗaya kawai na so in yi," ya ce. "Ni ba a taɓa saya mini ba. Kullum ina kan shinge ina jira wani ya gaji ya ara mini. Na ga keken a ƙofar shago, na hau. Da na dawo da shi da yamma, tun daga kan kwana na ji ihun Russell. Wa zai shiga gidan a lokacin ya ce ni ne? Na ɓoye a ɗakin kwal na kakata, na lafta masa fentin ƙofa. Kullum sai in ce gobe."

"Shekara arba'in kana cewa gobe."

"Da aka binne Russell na kasa barci. Na ce bari in mayar wa Glenn abinsa ko da bai sani ba. Na manta da tambarin, Saja, na rantse. Sai da Trevor ya ambata."

Ta sa shi a mota da firam ɗin, ta kai su gidan Glenn, don mai kaya ya shaida kayansa. Glenn ya fito da murna, har ya fara cewa, "Kai mutumina, a ina aka..." sai Maxine ta juya masa ƙasan ƙarfen. Ya sa yatsa a kan lambar gidansu. Ya daɗe a haka.

"Russell ya ce mini ya shiga shago ya fito bai gan shi ba," ya ce a hankali. "Haka ya faɗa. Ranar aurensa ma ya sake faɗa, na ce masa ɓarawo a gaban dangin amarya." Ya ɗago ya dubi Wayne. "Kana wurin. Ka yi dariya."

"Glenn, don Allah..."

"Yana asibiti ya aiko a kira ni, kai ka kawo saƙon. Na ce ban zuwa, ka ce to. Kai ka ɗauki akwatin gawarsa, Wayne. A kafaɗar nan."

Wayne na kuka, ba wanda ya dube shi. Maxine ta tambayi Glenn ko yana son a kai maganar kotu.

"Wace satar?" ya ce. "Ta jiya? Ku bar masa. Ya goge sauran."

Ya shiga gida ya rufe ƙofa, firam ɗin na kwance a kan ciyawa, ruwa ya fara sauka a kansa.

Ranar Lahadin mun taru mu goma sha ɗaya a filin Athersley da kekunanmu masu ƙyalli. Glenn bai zo ba, Lorraine ta ce tun safe yana maƙabarta. Muka yi ta zagin Wayne, kowa na ƙoƙarin ya fi wani zafi, har wani ya ce, "Allah sarki Russell, me ma muke kiransa a makaranta?" Nan kowa ya yi tsit, ya dubi tayarsa. Ɓarawon Keke muke kiransa, tun yana ɗan shekara goma har ya yi furfura. Kuma ni na raɗa masa sunan.