Jar Ƙasar Garin da Ruwa Ya Ci

"Wannan ne zanen? Wannan dagwalgwalon?" in ji Dona Firmina.

Zulmira ta tsaya riƙe da allon zanenta. Ja, fari, baƙi. Shi ke nan. Ba gida, ba bishiya, kamar an ja tsintsiya a kan laka.

Dona Firmina, wato Uwargida Firmina, mahaifiyar Aldenir, ta riga ta rantse ɗanta ba zai auri Zulmira mai wasa da taɓo ba. Neuza take so ya aura, mai zana furanni da fentin kanti.

Neuza ta tuntsire da dariya. "Kaza ma in ta taka fenti ta fi wannan!"

"Mama, ki duba mana..." in ji Aldenir.

"Rufe min baki!"

Zulmira ta miƙa wa tsohuwar allon. "Dona Firmina, ban ce ki duba ba. Taɓawa za ki yi."

Tsohuwar ta dangwala yatsa a kan jan, da niyyar wulaƙanci. Ya ɗan kama fatarta. Ta murza. Ta kai hanci.

Sai ta ɗago ta dubi Zulmira.

"Ina kika samo ƙasar nan?"

"A madatsar ruwa. Da rani ya yi tsanani, kan tudun garinku ya leƙo. Na jira wata ya fara raguwa, yadda masu ginin tukwane ke yi, sannan na haƙo."

Shekara ashirin ke nan da ruwan madatsar ya shanye garin Dona Firmina, har da kabarin mijinta. Ko hoto ɗaya ba ta fito da shi ba.

"Farin fa?"

"Farar ƙasar da kuke shafe bango da ita. Baƙin kuma... ruwan ne."

Yatsan tsohuwar ya bi allon a hankali. "Nan cocinmu yake. Nan tandata... Nan muka binne shi."

"Ni ban ga komai ba!" in ji Neuza.

Ba wanda ya kula ta.

Aldenir ya kama hannun Zulmira. "Masoyiyata..."

Dona Firmina ta share hawaye, jar ƙasa ta ɓata mata kunci.

"Kin yi kuskure, 'yata. Ta gabas jan ya fi haka yawa."

"Zan gyara, Dona..."

"Mama za ki ce! Ki kawo shi gida, ki gyara a gabana."