Kalmar da Ta Rage wa Baba

A layin gashin ƙashi na asibiti Nafisatu ta fara ganinsa, yana taya mahaifinta, Alhaji Hamadu, sauka daga keken guragu. Tun da Alhaji ya yi shanyewar ɓarin jiki, kalma ɗaya ta rage a bakinsa: "To."

"Sunana Mahfuzu," in ji saurayin. "Kwamfuta nake koya wa kwaikwayon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke sa waya ta ba mutum amsa."

"To koya wa Babana," ta ce, ba wasa a fuskarta.

"Wannan ya fi ƙarfina. Amma zan iya zuwa hira."

Ya riƙa zuwa gidansu a unguwar Poumpoumré kowace la'asar. Su buga dara da Alhaji, Alhaji ya cinye shi da hannun hagu, Nafisatu na dariya a bakin ƙofa.

Ranar da iyayen Mahfuzu suka zo neman aure, Baffa Zaharaddin, ƙanen Alhaji, ya tare su.

"Yayana ba ya cikin hankalinsa. Ni ne waliyyi, kuma ban ba mai hira da inji ba."

Da yamma saƙon Mahfuzu ya shigo wayar Nafisatu: "Nafina, injina yana da kalmomi ba iyaka, amma bai taɓa son kowa ba. Baba kalmomi ya rasa, tunaninsa na nan. Kada ki yi kuka."

Ta mayar: "Ba kuka nake ba, Malamina. Ka zo gobe."

Washegari ta turo keken har zaure, gaban liman da sauran dattawa.

"Baffa, ubana na raye. Shi za a tambaya."

"Ke! Kome aka ce masa, 'to' zai ce. Ku duba." Ya sunkuya. "Yaya, in kori yaron nan?"

"To," in ji Alhaji.

Baffa ya buɗe hannuwa. Mahfuzu ya miƙe zai fita.

Sai hannun hagun nan na Alhaji ya cafke tsintsiyar hannun Mahfuzu. Baffa ya ja don ya raba su, ya ƙara ja, Alhaji bai saki ba. Alhaji ya kafe ƙanensa da ido, irin kallon da yake masa tun suna yara, har Baffa ya sunkuyar da kai.

Liman ya gyara rawani. "Ni dai na ji amsa."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Da aka shafa fatiha ana Allah ya ba da zaman lafiya, Nafisatu ta durƙusa gaban keken.

"Baba, na tafi."

Ya ɗora hannun a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba.

"To," ya ce.