Motar Da Ke Ƙin Tashi A Ƙofar Gidan Su Auta

Da faɗa suka fara. Auta ta dawo daga aiki a gajiye, ta tarar wata baƙar mota ta tare musu ƙofar gida, wani dogon saurayi a ciki yana ta murza makulli, injin na kukan banza.

"Malam, nan gareji ne?"

Ya ɗago, gumi sharkaf, ya kalle ta, sai ya manta da makullin. "Abokina na zo gani a layin nan. Wallahi lafiya lau ta zo da ƙafarta."

"To ta koma da ƙafarta."

Ya yi dariya. Ita ma saura kaɗan ta yi, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Ba a daɗe ba ta laƙaba masa suna Mai Turbo, saboda turbon motarsa, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, shi kuma ya daina fakewa da aboki.

Sai dai motar ba ta bar halinta ba. Da safe kik ɗaya take tashi. Amma in ya zo wajen Auta ya kashe ta da zafinta, suka ɗan taɓa hira, to shi ke nan. Sai an sha fama kafin ta tashi tana tari, ta turnuƙe layin da baƙin hayaƙi, maƙwabta na leƙe.

Baba, mahaifin Auta, tsohon makanike ne da ciwon baya ya zaunar a gida, kuma zuciyarsa a kusa take. Ga Mai Batir, wani mai shago a bakin titi da ya daɗe yana son Auta tana share shi. Shi ya sayar wa Mai Turbo sabon batir, wai batir ne matsalar motar, sannan ya lallaɓo wajen Baba.

"Baba, ni na gwada motar nan da safe, ƙalau take. Da gangan yake yi, don a riƙa ganinsa a ƙofar gidanka."

Baba ya kira Auta yana huci. "Ban haɗa zuri'a da maƙaryaci. In na sake jin kukan motar nan a ƙofata, ya yi zuwan ƙarshe."

Ta shige ɗaki, ta rubuta wa Mai Turbo saƙo a waya: "In wasa kake da ni ka faɗa. Ka mayar da ni abin nuni a layi."

Amsa ta shigo nan take: "Autata, da ƙarya zan yi don in daɗe kusa da ke, da na nemi wadda ba ta sa ni gumi. Gobe ina tafe, ko da turi zan koma."

Ya kuwa zo. Motar kuwa ta ƙi tashi. Baba ya fito da sandarsa, Mai Batir ya tsallako titi ya zo kallo. Auta na tsaye bayan motar, ranta a ɓace da su duka, sai warin ɗanyen fetur ya bugi hancinta. A garejin Baba ta girma tana miƙa masa sifana, ta san wannan warin. Ta shiga gida fuu, ta ɗauko akwatin kayan aikinsa ta dire a gabansa.

"Baba, kai ka koya min ba a yanke wa mota hukunci da an ce. Ka auna ta. In ƙarya yake, ni zan kore shi da bakina."

Baba ya harare ta, amma hannunsa ya riga ya kai kan gejin auna ƙarfin mai. Ya ɗaura shi a bututun mai, ya daka wa Mai Turbo tsawa ya murza makulli ya kashe. Allurar ta hau, ta tsaya, sai ta fara saukowa a hankali. Ya kwance fulogai, ɗaya ya fito jiƙe. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya shinshina, ya yi tsaki.

"Injekta mai fesa wa injin fetur ce ke ɗiga! In ka kashe ta da zafi, fetur ya yi ta zuba ya shaƙe injin. Kafin safiya ya sulale cikin baƙin mai, shi ya sa take tashi. Wane jakin ne ya ce maka batir ne?"

Aka waiga, Mai Batir ya kai tsakiyar titi.

Baba ya juyo kan Mai Turbo. "Kai kuma kana yawo da baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, so kake ka kashe turbon? Sakarai!"

"Na gode, Baba," in ji Mai Turbo, kamar wanda aka yi wa kyauta.

Baba bai ce a yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma washegari shi ya sa sabuwar injekta da hannunsa, ya juye man, ya hana kowa taɓawa. Suka zagaya da ita ta yi zafi, aka kashe, aka jira. Kik ɗaya ta tashi. Mai Turbo ya zauna riƙe da sitiyari, bai motsa ba.

"Me kuma kake jira?" in ji Baba.

"Baba, yanzu ba ni da hujjar tsayawa."

"To turo iyayenka ka ɗauke ta, ku je can ƙofar gidanku ku yi ta faɗanku."

Ranar da za a tafi da amarya, Auta na zaune a cikin baƙar motar, Baba ya dafa murfin ƙofa ya sunkuyo. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, in ka ɓata mata rai, da sandar nan zan zo."

Ango ya murza makulli, motar ta tashi kik ɗaya. Baba ya yi tsaki ya kau da kai.

"Dubi shegiyar mota. Yau da nake so ta ƙi tashi."

Nan Auta ta fashe da kuka.