Lagireton da Bai Huce Ba

Rana ta faɗi, wani bakanike yana tattara kayan aiki, sai wani mutum ya shigo garejin rungume da lagireton mota, hula ta rufe masa fuska. Ya ajiye shi a kan tebur.

"Malam, mun tashi," in ji bakaniken. Ya kai hannu zai ture, ya janye da sauri. Lagireton da zafinsa, yana tururi, alhali babu mota a waje.

Ya haska fitila, ya ga robar ruwan lagireton ta tsage. Tsohon gyara ne ya buɗe, ɗinkin waya uku-uku da aka shafe da narkakkiyar roba. Shi kaɗai ke irin wannan ɗinkin. Rabonsa da yin sa shekara biyu, tun ranar da ƙanensa ya roƙe shi ya sa wa motarsa sabuwar roba, shi kuwa ya ce wannan ma ya isa. Motar ta mutu a tsakiyar titi, babbar mota ta bi ta kanta, ƙanen yana ciki.

Ruwan lagireton ya jiƙa ƙasa, amma babu sawun baƙon ko ɗaya.

"Yaya," muryar baƙon ta fito a hankali, babu faɗa a cikinta, "ka ce zai kai ni gida."