Zayyana a Ƙafar Amarya

"Malam Jinaidu, maimaita min. Me ta ce?"

Raliya ta ajiye kwanon lallen da ke hannunta a dakalin zaure. Jinaidu ya sosa ƙeya. Malamin Islamiyya ne, da kallo ɗaya yake kashe bakin aji, amma a gabanta sai ya koma kamar wanda hadda ta kufce masa.

"Rahma ce ta nuna wa Hajiya hoto a waya... ƙafar amaryar nan ta Sahon Rami. Wai zayyanar allon sauka kika kwaso kika zuba a ƙafa. Abin da ake kewaye aya da shi, ana taka ƙasa da shi."

Hajiya mahaifiyar Jinaidu ce, Rahma kuma 'yar ƙanenta. Tun ranar da aka kai gaisuwar Jinaidu gidan su Raliya kishin addini ya taso mata.

"Sai Hajiya ta ce me?"

"A dakata da sa rana."

"Kai kuma?"

"Na ce... to."

"To," ta maimaita. "Sannu da ƙoƙari."

"Haba sanyin idona..."

"Yau dai bar idon ya ji zafi."

Abin da ya fi ci mata rai, Rahma ba ƙarya ta yi ba. Tun Raliya tana ƙarama take zama gefen kakanta yana zayyana alluna, murabba'i cikin murabba'i, sarƙar da ba a gane farkonta. Da ya rasu, ba wanda ya yarda ya miƙa wa mace allo. Sai ta kai zanen hannuwa da ƙafafun amare, har ta yi suna a Kontagora.

Washegari Malam Abdulgafar, mahaifin Jinaidu, ya aika a kira ta. Hajiya na gefe, Rahma na bayanta riƙe da waya kamar lauya.

"'Yata, wannan aikinki ne?"

Masu kwaikwayonta sun yi yawa a gari, da ta musa ba mai kama ta.

"Nawa ne, Baba."

"Daga allo kika ɗauko?"

"Daga allo."

Hajiya ta ja salati mai tsawo.

"Akwai harafi a ciki?" in ji Malam.

"Ko ɗaya. Ban taɓa ɗora rubutu a jikin mutum ba."

Malam ya daɗe yana kallon hoton.

"Zane ba aya ba ne, ban ga haramci ba. Amma da na gan shi allo na tuna, kuma raina bai so ganinsa a ƙasa ba. Za ki iya barin ƙafa?"

Raliya ta dubi hoton. Don zanen ƙafar nan amare ke nemanta tun daga Beri. Ta saci kallon Jinaidu, ta same shi yana nazarin tabarma kamar za a yi masa jarrabawa a kanta.

"Zan bari, Baba. Fure ya ishe su. Sai dai ina da roƙo... 'yan matan da za su yi sauka bana, a ba ni allunansu."

"Mace?" in ji Hajiya. "A gidan nan ba a taɓa..."

"Hajiya, ba a taɓa ba ne don ba mu iya ba."

Kowa ya juya. Jinaidu ne.

"Rubutu muka iya. Zayyana kullum wani gari muke aikawa. Kuma ni... ko an ba ta allo ko an hana ta, ita nake so."

Malam ya shafa gemu. "Ashe kana da baki. A kai mata allo ɗaya. Hajiya, ke za ki duba. In bai yi miki ba, shi ke nan."

Ranar da Raliya ta dawo da allon, ta durƙusa ta miƙa shi. Hajiya ta karɓa da bisimilla, ta fita da shi tsakar gida inda haske yake. Ta bi sarƙar da yatsa tana neman inda ta karkace, ta zagaya har ta dawo inda ta fara.

"Jan ya yi yawa," ta ce.

Rahma ta gyara tsayuwa.

Hajiya ta goge gefen allon da bakin mayafinta, ta rungume shi a ƙirji.

"Jinaidu, ka gaya wa babanka su je su sa rana." Ta dubi Raliya sama da ƙasa. "Ke kuma, amarya ko ba amarya ba, ranar bikin ke za ki yi min hannuna. Ki rage jan."