Labulen Jirgin Ruwa

"Ki bar binciken nan, masoyiya, don Allah! Zan shawo kan Mama."

"Shawo kanta?" Malama ta ɗago ido ta kalli Injiniya, saurayinta. "A gabana ta kira kakata tsintacciya. Ta ce ba za a haɗa jininku da wanda ba a san tushensa ba. Kana zaune, kana wasa da makullin mota!"

"Mahaifiyata ce..."

"Ni kuma kakata ce. Ita ta goya ni. Ba zan shiga gidanku da alfarma ba."

Gaskiya ne, a tashar jirgin ƙasa aka tsinci Kaka tana 'yar mitsitsiya, tana barci a tsakanin buhuna. Ba ta san sunan uwa ba, balle na uba. Abu ɗaya ya maƙale mata har tsufa: wani labule mai zanen jirgin ruwa, haske mai kashe ido, da hannu mai sanyi a kafaɗarta.

Malama ce ta gane cewa shagon hoto ne.

Duk hutun makaranta, in ta sallami ɗalibanta, sai ta ɗauki jaka ta bi garuruwan da ke kan layin dogo. An yi mata dariya. An rufe mata ƙofa. Wani mai hoto ya ce, "Malama, bokon ne ya yi miki yawa?" Takalmanta suka cinye, ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta kira Injiniya ta yi masa kuka ba.

Shi ne dai ya gaji. Wata safiya ta same shi a ƙofar gida, ya buɗe mata mota.

"Shiga. In haukan ne, mu yi tare."

Da rana tsaka suka isa wani lungu a bayan wata tsohuwar tasha. Duk shagunan layin an rushe an yi sabbi, sai guda ɗaya da ya tsaya a tsakiya kamar ruɓaɓɓen haƙori. Ciki duhu, ga sanyi, ga warin tsohuwar takarda. Fuskokin mutanen da suka daɗe da mutuwa sun cika bango, duk suna kallon ƙofa.

A can ƙurya ga labule, ya koɗe, amma jirgin ruwan yana nan. A gabansa wata 'yar kujera. Komai na shagon ya yi ƙura, ban da ita.

"Salamu alaikum..."

Wani tsoho ya fito yana goge tabarau. Yana sa shi ya dube ta, sai ya dafe bango.

"Inna? Inna... ai ni na sa ki a kabari!"

Injiniya ya matso kusa da ita. "Baba, lafiya?"

Tsohon bai ko kalle shi ba. Ya je taga ya ciro wani hoto da rana ta cinye gefensa. Wata mata ce a tsaye, hannunta a kafaɗar yarinya. Malama ta ga kanta a fuskar matar: ta ga goshinta, ta ga idonta, ta ga har yadda take ɗaga haɓa in ranta ya ɓaci.

"Mahaifiyata ce," in ji tsohon. "Babana ya ɗauka, shagonsa ne. Yarinyar yayata ce. Washegari ta bi 'yan dako cikin tasha, jirgi ya tashi, shi ke nan. Ni bayanta aka haife ni. Inna ta hana a canza labulen, ta hana a tashi daga nan. Kullum sai ta goge kujerar. Da za ta cika ta riƙe hannuna ta ce, 'Auta, kada ka bari ta dawo ta tarar da ƙura.'"

Malama da ba ta taɓa yin kuka a gaban kowa ba, ta durƙusa a ƙasa ta fashe.

"Tana nan, Baba! Yayarka tana da rai!"

Labari ya kai kunnen Mama. Ta aiko cewa a zo a sa rana.

"Ka gaya mata na gode," Malama ta ce wa Injiniya. "Amma ta fara zuwa ta gaida Kaka. Da ƙafarta."

Ta zo kuwa, kanta a sunkuye, a ranar da aka kai Kaka shagon.

Kaka ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Ba wanda ya nuna mata hanya. Ta ratsa duhun, ta wuce ƙanen da ke share hawaye, ta je ta zauna a kan 'yar kujerar kamar jiya ta tashi.

"Amarya da ango, ku zo ku tsaya bayanta," in ji tsohon, yana gyara na'urar ɗaukar hoto.

"Bari a fara ɗaukarta ita kaɗai," Malama ta ce.

Haske ya walƙa. Kaka ta lumshe ido, ta kai hannu kafaɗarta ta dafa a hankali.

"Ke 'yar nan, hannunki sanyi."

Malama ta dubi Injiniya. Suna can bakin ƙofa, su biyu.

Kaka ta yi murmushi, ba ta buɗe ido ba.

"Na dawo, Inna. Ki huta."